Makin da Hushang Ya Zo Roƙo

A shekarun da Faramarz Dehdashti yake tashe, ko tsohuwar da ba ta taɓa kallon ƙwallo ba a Tehran ta san fuskarsa, domin hotonsa yana manne a shagon aski da gidan shayi da gilashin bayan motocin haya. Ɗan Abadan ne, ɗan wani leburan matatar mai, dogo siriri mai duhun fata, wanda ya koyi ƙwallo ba takalmi a fegin gishirin da ke bayan gidajen ma'aikata. Yana ɗan shekara goma sha tara ƙungiyar Palang ta ɗauko shi zuwa babban birni. Bai cika ashirin da biyu ba ya zama ɗan wasan gaban ƙasa, kuma shekara bakwai ba wanda ya iya raba shi da riga mai lamba tara.

Amma duk wanda ya san ƙwallo ya san rabin ƙwallayen da Faramarz ya zura daga ƙafar Hushang Malayeri suka fito. Hushang ɗan wasan tsakiya ne, gajere kakkaura, ɗan wani mai shagon darduma a babbar kasuwa, ga daɗin baki kamar an shafa masa zuma. Shi ya nuna wa Faramarz hanyoyin Tehran, ya koya masa yadda ake magana da manya. A sansani ɗakinsu ɗaya. Da Faramarz ya ga Mahwash, wadda ya aura daga baya, ya rasa ta inda zai fara, Hushang ne ya rungumi furanni da kwalin alewa ya shige gaba har falon ubanta. Jaridu suna ce musu tagwaye. Sai dai in an tashi wasa sunan mutum ɗaya filin yake kira, kuma Faramarz bai taɓa waiwayawa ya dubi fuskar abokinsa a irin wannan lokacin ba.

Bayan juyin juya hali komai ya koma hannun kwamiti, har da ƙwallo. Wata safiya, saura kwana goma sha ɗaya tawagar ƙasa ta tashi zuwa gasar nahiya, an riga an naɗa Faramarz kyaftin, aka kira shi wani ofis a hawa na uku. Mutum uku ne zaune bayan tebur, ba wanda ya miƙa masa hannu. Na tsakiyan ya buɗe fayil ya ce an kawo rahoto a kansa: yana shan giya, yana zaman liyafa da hafsoshin tsohon sarki, kuma ya taɓa yi wa masu salla ba'a a ɗakin canza kaya.

"Wa ya kawo rahoton?" in ji Faramarz.

"Wani mai kishi."

"Liyafar nan da kuke faɗa, mu ashirin da biyu aka kwasa a mota ɗaya aka kai mu. Ni kaɗai na ci shinkafar?"

"Kai kaɗai aka rubuto," in ji mutumin, ya rufe fayil.

Aka haramta masa wasa, aka haramta masa ko shiga fili ya yi kallo. Da la'asar Hushang ya zo gidansa ya rungume shi yana kuka da hawaye, ya rantse ba zai karɓi kyaftin ba ko za a yanka shi. Faramarz ne ma ya riƙa lallashinsa. "Karɓi abinka, ɗan'uwa. Gara kai da bare." Hushang ya share hawaye ya karɓa.

Faramarz ya sayar da gidansa ya koma haya, ya sayi tsohuwar mota ya fara tasi. Yana da shekara ashirin da tara, ƙafarsa lafiya lau. Fasinja zai shigo ya zauna, ya dubi madubi, ya sake duba, sannan ya kira shi Agha, wato yallaɓai, ya ce, "Ka yi kama da wani." Shi kuma ya ce, "Haka ake faɗa." Wasu in sun gane shi sai su rungume shi su yi ta hawaye. Wasu kuma su ce a tsaya su sauka, ba za su shiga motar mashayi ba.

Ana cikin haka yaƙi ya ɓarke, aka yi wa Abadan ruwan wuta. Iyayensa suka gudu da kayan jikinsu zuwa Shiraz, suka rakuɓe a ɗaki ɗaya a bayan wani masallaci. Uban nasa bai ƙara lafiya ba. Mutum ne da bai taɓa barin asuba ta wuce shi ba, kuma maƙwabtan da suka samu a can sun ji labarin ɗansa kafin su ji sunansa. Zuwan Faramarz na ƙarshe, tsohon ya sa aka fitar da kowa, ya kama wuyan hannunsa.

"Giya ban tambaye ka ba, ƙuruciya ce. Ni dai gaya min tsakaninka da Allah. Ka yi wa salla ba'a?"

"Wallahi Baba ban yi ba."

Tsohon ya daɗe yana dubansa, sannan ya juya fuskarsa bango ya ce, "To." Faramarz bai san ko wane irin "to" ne ba, kuma bai samu damar tambaya ba, domin bayan kwana tara aka binne shi.

Sai da aka shekara tara sannan aka ɗage haramcin, ba sanarwa, ba ban haƙuri. Ya kai talatin da takwas, ƙafa ta yi nauyi. Ya koma horar da ƙananan ƙungiyoyin ma'aikatu, yau Arak gobe Kerman, duk inda aka kira. Hushang kuwa ya je Makka ya dawo Haj Agha Hushang, da gemu mai furfura-furfura da carbi a hannu. Ya zama kocin Palang, ya ci kofi uku, kowane mako yana talabijin yana koya wa matasa ɗa'a. Bai manta da tsohon abokinsa ba. Duk sabuwar shekara sai ya aiko da kwalin goro-goron fistak da gaisuwa, kuma shi ya sa baki aka ba Faramarz takardar izinin horarwa. Faramarz ya je har gida ya yi godiya, ya sumbaci kumatunsa.

Shekara ashirin cif da shigarsa ofishin nan na hawa na uku, aka yi masa waya aka ce Mash Kurban yana nemansa. Mash Kurban tsohon mai wanke rigunan tawagar ƙasa ne, wanda daga baya ya koma dafa shayi a ofisoshin kwamiti. Faramarz ya same shi kwance a wani ɗan gida a kudancin Tehran, ya rame sai ido. Tsohon ya nuna masa ƙarƙashin katifa.

"Ranar da aka ce a ƙone tsofaffin fayiloli, ni aka ba buhunan. Ban iya karatu sosai ba, amma na san sunanka in na gani. Shekara goma sha ɗaya tana nan. Na ji tsoro, Agha Faramarz. Yanzu wanda nake tsoro ya fi su."

Takarda ce guda ɗaya, ta yi ja don tsufa. Faramarz bai buƙaci duba sa hannun da ke ƙasa ba. Ya san rubutun nan mai karkata hagu, ya sha ganinsa a bayan hotuna da katin gaisuwar da ke zuwa da kwalin fistak. Ya karanta har ƙarshe a tsaye, ya sake karantawa, ya ninke ta ya sa a aljihun ƙirji. Ya sumbaci goshin tsohon ya fita.

Mahwash ta karanta ta zauna a ƙasan kicin. Sannan ta ce, "Mutumin da ya ci abincin hannuna ya fi sau ɗari. Gobe ka kai ta jarida. In ba za ka kai ba ni zan kai."

"In na kai me zai faru? Zai fito a talabijin da carbinsa ya yi kuka, kin san ya iya, ya ce zamanin ne ya zo da haka. Mako biyu an manta. Har ma a ce ya yi jarumta da ya amsa."

"To me za ka yi? Ka zuba masa ido?"

"Abin da ya saya da takardar nan shi zan ƙwace, Mahwash tawa. A gaban mutane aka tsiraita ni. Shi ma a gaban mutane."

Da sabuwar shekara ta zo kwalin fistak ya iso kamar kullum. Faramarz ya ɗaga waya ya yi godiya, har da tambayar lafiyar yara.

A watan da ya biyo baya ya ajiye aikinsa a Kerman ya koma Abadan. Garin bai gama warkewa daga yaƙi ba, dabinai dubbai tsaye ba kai, gidaje da ramukan harsashi. Akwai wata ƙungiya ta ma'aikatan tashar jiragen ruwa mai suna Nahang, tana rukuni na uku, ba ta da ko motar kanta. Ya je ya ce yana so ya horar da ita. Shugaban ƙungiyar ya ɗauka zolaya ce.

Ba a taɓa ganin koci mai tsanani irinsa a kudu ba. Yana fitar da 'yan wasa gudu da tsakar rana, lokacin da ko kare ba ya barin inuwa. Ya bi ƙauyukan bakin kogi ɗaya bayan ɗaya yana tsinto samarin da ba wanda ya sani, 'ya'yan masunta da masu hawan dabino. A can ya samo Jabbar Sawari, wani ƙato ɗan shekara goma sha takwas mai tsalle kamar an ɗaura masa igiya daga sama. Wanda ya makara minti ɗaya ya koma gida. Wanda ya yi kuka ya yi, ba a lallashi. 'Yan wasan suna tsoronsa, suna zaginsa a bayan ido, kuma da zai ce su faɗa kogi da sun faɗa. Shekara biyu suka hau rukuni na biyu. Shekara uku bayan nan suka shiga na ɗaya, garin ya kwana uku ana kaɗa ganguna.

Haɗuwarsu ta farko da Palang a Tehran aka yi, aka lallasa Nahang huɗu ba ko ɗaya. Bayan wasa Hushang ya taho da hannuwa a buɗe, masu ɗaukar hoto suna biye. Faramarz ya rungume shi ya yi murmushi. Mahwash ta ga hoton a jarida ta ce ita kam ta fara jin tsoron mijinta.

A kakar wasa ta biyu al'amura suka juya wa Palang baya. Tsofaffin 'yan wasanta sun gaji, sababbin da aka sayo ba su yi ba, shugabanni suna ta rigima a junansu. Ƙungiyar da ba ta taɓa faɗawa rukuni na biyu ba tun kafuwarta ta wayi gari a gindin tebur. Faramarz bai zauna jiran ƙaddara kawai ba. Duk ƙaramar ƙungiyar da za ta kara da Palang, kocinta yakan samu waya daga Abadan, a gaya masa wane mai tsaron baya ne ba ya iya juyawa hagu, da abin da Hushang yakan yi in an riga shi zura ƙwallo. Wa ya san kan Hushang kamar wanda ya yi shekara tara ɗaki ɗaya da shi?

Da aka zo wasan ƙarshe, lissafin ya fito fili. Palang tana buƙatar maki ɗaya ta tsira, ko canjaras ya ishe ta. Nahang tana tsakiyar tebur, ba abin da za ta samu, ba abin da za ta rasa. Kuma a Abadan za a yi wasan.

Ana gobe wasa Hushang ya zo gidan Faramarz da hantsi, shi kaɗai, ba direba. Mahwash ta dafa miyar kifi da tsamiya da shinkafa, ta shimfiɗa ledar cin abinci a kan darduma, ta gaishe shi da "Sannu da zuwa, Haj Agha," ta koma kicin ba ta ƙara fitowa ba. Hushang ya tsufa, idanunsa sun yi jakunkuna. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya tuno wasan da suka yi a ruwan sama, ya tuno ranar neman aure. Faramarz yana ƙara masa miya.

"Faramarz ɗan'uwana, kai ba baƙo ba ne, ba sai na ɓoye maka ba. In muka faɗi, ni na ƙare. Mutanen nan ba za su bar ni in taka titi ba. Kai kuwa gobe ba abin da take ƙara maka. Ba cewa na yi ka ba ni wasa ba, Allah ya kiyaye. Ka hutar da manyan yaranka kawai, zafi ya yi yawa, kowa zai fahimta. A tashi ba ci, kowa ya tafi gida da mutuncinsa."

"Maki ɗaya."

"Ɗaya tak. Don gishirin da muka ci tare."

"Roƙona kake yi, Hushang?"

Hushang ya yi 'yar dariya, ya dafa ƙirji. "Roƙonka nake. In ban roƙi ɗan'uwana ba wa zan roƙa?"

Faramarz ya tashi ya kawo shayi. Ya ajiye wa baƙonsa kofi, ya ajiye takardar a gefensa, a buɗe. Hushang ya laluba tabarau ya sa. Bai wuce layi biyu ba ya cire shi. Fankar sama tana ta juyawa.

"Ba ka san yadda abin yake ba a lokacin," in ji Hushang. "Sun tsare ƙanena. Suka ce ko in ba da suna ko…"

"Ƙanenka yana Jamus tun kafin sarki ya gudu. Ni na kai shi filin jirgi a motata. Sake wata."

Hushang ya dubi carbinsa, ya ajiye shi a kan darduma. Da ya ɗago, fuskar talabijin ɗin ta tafi, wata ce daban wadda Faramarz bai taɓa gani ba.

"Shekara tara ina ajiye maka ƙwallo a ƙafa kamar mai ba jariri abinci a baki. Ko sau ɗaya ka taɓa nuna ni da yatsa a gaban mutane ka ce ga wanda ya ba ni? Kai ne a bango, kai ne a jarida. Da aka zo kyaftin ma, ni na girme ka, ni na riga ka shiga, aka miƙa maka. Na ɗauka wata shida za su dakatar da kai. Wallahi wata shida na ɗauka."

"Liyafa na je, kana kusa da ni. Giya na taɓa sha, kai ka zuba min. Maganar salla fa? A ina ka gan ni?"

Hushang ya sunkuyar da kai.

"Tambayarka nake."

"Sai da ita takardar za ta yi nauyi."

Faramarz ya gyaɗa kai a hankali. "Ubana ya mutu yana tambayata wannan layin. Layin da ka ƙara don takarda ta yi nauyi."

"Me kake so? In durƙusa? Ga ni." Ya fara yunƙurin durƙusawa, gwiwoyinsa suna ƙara.

"Zauna, kada ka ɓata wandonka. Sha shayinka, ya huce. Gobe ƙarfe huɗu."

Tun mako guda kafin nan Palang ta nemi a mai da wasan bayan faɗuwar rana saboda zafi, Faramarz ya ƙi sa hannu. Ranar wasan iska ba ta motsi, kujerun siminti suna ƙona cinya, amma tun azahar filin ya cika, ganguna suna tashi ta ko'ina.

Matsala ɗaya ce. Gwiwar Jabbar ta kumbura tun wasan da ya wuce. Likitan ƙungiya ya ce jijiyar ta tsage rabi, in ya huta wata biyu za ta haɗe, in ya buga ba ya ɗaukar alhaki. Ga shi wata babbar ƙungiya a ƙetaren teku ta riga ta aiko a ɗauke shi bayan kaka. Faramarz ya zaunar da shi a benci, yana fatan ba sai an kai ga haka ba.

Hushang ya jera mutum goma a gaban ragarsa. Aka tafi hutun rabin lokaci ba ci. Aka dawo, Nahang tana ta jefa ƙwallo sama, masu tsaron bayan Palang suna ta mai da ita da ka. 'Yan Tehran sun galabaita, harshe waje, amma duk wanda aka taɓa sai ya kwanta ya ci minti biyu. Saura minti ashirin da biyar Faramarz ya juya ya dubi benci.

"Jabbar."

"Na'am, Agha."

"Shekara bakwai ban taɓa roƙonka komai ba."

Likita ya tare gabansa. "Agha Faramarz, yaron nan gurgunta shi za ka yi. A kan wasan da ba ya ƙara mana komai?"

"Yi masa allura."

Jabbar ya dubi likita, ya dubi kocinsa, ya miƙa ƙafa.

Saura minti tara aka samu bugun kusurwa. Jabbar ya tashi sama ya bar kowa a ƙasa, ya sa mata goshi, raga ta girgiza. Da ya sauko a kan ƙafar dama, waɗanda ke kusa sun ce sun ji ƙarar kamar an karya busasshen reshe. Filin ya ɗauki ihu har ba a ji nasa ba. Aka wuce da shi a gadon ɗaukar majinyata ta gaban benci, hannunsa a kan fuska. Faramarz bai dube shi ba. Yana bakin layi yana daka wa 'yan wasansa tsawa su koma gaba, ɗaya ba ta ishe shi ba. A minti na ƙarshe suka ƙara ta biyu.

Da alƙali ya busa tashi, Faramarz ya tsaya inda yake ya dubi ɗaya bencin. Hushang yana zaune, ya lulluɓe kansa da tawul, kyamarori sun yi masa zobe. 'Yan wasan Palang suna kwance a ciyawa suna kuka. Faramarz ya tsaya yana kallo har sai da ya ƙoshi, kuma abin ya yi masa daɗi, daɗin da bai ji irinsa ba tun ranar da ya fara sa rigar ƙasa.

Magoya bayan Palang suka tari tawagar a filin jirgin Tehran da duwatsu da ruɓaɓɓen tumatir. Kwana biyu aka kori Hushang. Bayan mako guda, lokacin da wasu suka fara cewa a tausaya wa dattijo, ya yi wa ƙasa hidima, Faramarz ya kira wani ɗan jaridar wasanni ya ba shi hoton takardar.

Mahwash ta ga shafin farko a wurin mai sayar da jarida, ta dawo gida da shi a hannu. "Ai ka ce ba za ka kai ba."

"Cewa na yi ba lokacin ba."

"Mutumin ya riga ya faɗi, Faramarz. Matarsa ta kira ni tana kuka. Jikokinsa ba sa iya zuwa makaranta."

"Ke kika fara cewa a kai."

"Na faɗa. Shekara bakwai da suka wuce na faɗa, raina yana tafasa. Kai naka ba ya sauka ne?"

Talabijin ta daina kiran Hushang, aka cire hotonsa daga zauren ƙungiya. Ya koma wani lambu da ya gada a ƙauye, ba ya karɓar baƙi.

Jabbar kuwa an yi masa aiki sau biyu, bai ƙara gudu ba. Ya buɗe ɗan shagon soya falafil, irin ƙosan can, a bakin kasuwar kifi, yana jan ƙafa tsakanin kasko da tebur. In Faramarz ya biyo ta nan yakan miƙe ya dafa ƙirji ya ce, "Sannu, Agha," ba ƙari. Uban Jabbar kuwa in ya hango Faramarz sai ya tsallaka ɗaya gefen titi. Faramarz ya san abin da ya yi, bai taɓa cewa likita bai gaya masa ba. Ya nema wa Jabbar aikin horar da yara a ƙungiya, Jabbar ya yi godiya ya ce shagon ya ishe shi.

Bayan shekara uku Hushang ya rasu, shanyewar ɓarin jiki. Faramarz ya sa baƙaƙen kaya ya hau jirgin safe. A babbar maƙabartar kudancin Tehran mutanen ba su kai hamsin ba, yawancinsu dangi ne da tsofaffin 'yan wasa masu sanduna. Da aka sa gawar a kabari, malamin ya juyo ya ce duk wanda mamacin ya ɓata wa ya yafe masa, yau ba shi da abin da ya fi buƙata. Mutane suka amsa sun yafe. Da yawa suka saci kallon Faramarz.

Babban ɗan mamacin, Kambiz, wanda Faramarz ya taɓa ɗauka a kafaɗa yana jariri, ya ratso mutane ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Baffa Faramarz, tun da ka zo, na san ka zo da alheri. Kafin bakinsa ya mutu sunanka ya yi ta kira. Ka yafe masa, don Allah. Ka faɗa in ji."

Faramarz ya dubi ramin, ya dubi mutumin da ke riƙe da hannunsa.

"Kai ba ka yi min komai ba, Kambiz. Allah ya ba ku haƙuri. Amma wannan maganar ba a nan za mu ƙare ta ba, ni da shi. Akwai wani tsoho da ya riga mu can, shi zai fara yi wa bayani."

Kambiz ya saki hannunsa. Faramarz ya tsaya har aka gama tura ƙasa. Da mutane suka tsuguna suka ɗora yatsu a kan kabarin suna karanta Fatiha, shi ma ya tsuguna ya ɗora nasa, amma waɗanda ke kusa sun ce leɓensa bai motsa ba.

Ya ƙara shekara shida yana horar da Nahang. Bai ci kofi da ita ba, ba ta kuma faɗi ba a hannunsa. Palang ta yi kaka biyu a ƙasa ta dawo, duk wasan da suka haɗu kuwa yakan shirya shi kamar na ƙarshe a duniya, ko da yake ba sauran wanda ya sani a cikinta.